Inda Allura Ke Tuntuɓe

Ranar Laraba bayan la'asar wuta ta dawo Nima.
Ina duƙe kan cikin wata rediyo, hayaƙin dalma a idona,
sai ga Amma Fulera da ƙunshi a ka,
ta sauke shi a teburina kamar mai kwantar da jinjiri.
Garmahon babanta ne.
Bel ya tsinke, allura ta dakushe,
kyankyasai sun kafa unguwa a bayan sifika.
Ƙarƙashinsa faifai guda, baƙi wuluk,
cikin kwalin da damina sittin ta lasa.
A bangon kwalin jirgin yaƙi na keta ruwa,
Turawa uku a sama da fararen huluna,
ɗayansu na nuna wani abu da yatsa
can wajen da kwalin ya yage.

Kwana biyu ina lallashinsa.
Bel na yanko daga robar tayar keke,
allura kuwa sai da na taka har Layin Zango,
wani tsoho ya zazzago min ita daga gwangwanin madara.

Da ta dawo na ɗora faifan.
Da fari shiru mai ƙura,
sannan goge ya taso, ba ɗaya ba, kamar arba'in,
can ƙasa ƙasa, irin gurnanin tekun Jemstaun kafin asuba
lokacin da masunta ke tura kwalekwale.
Sarewa ta bi ta kai kamar tsuntsun da ya rasa tudu.
Begila ta yi kira, manyan ganguna suka amsa da muryar igwa,
har mai kokon ƙofar shagona ta tsaya da ludayi a sama.

Sai allura ta yi tuntuɓe.
Ƙas. Ƙas. Ƙas.
Kowane zagaye, ƙas.
Wani karce ne ya ratsa faifan daga baki har cibiya.
Na kai hannu zan ɗaga, ina ba ta haƙuri,
ta riƙe min wuyan hannu.

Ta ce, bar shi, yaro.
Mumuni Mai Wuta ake ce wa babana.
Shekara uku ya yi a teku zamanin yaƙin Bama,
tekun da bai gani ba sai ta tagar da ba ta fi faranti ba.
Yana can ƙasa cikin tumbin jirgi, shi da shebur da kwal,
shi da wani Bakuru, da wani Bafante mai tari.
In nakiya ta fashe, a haƙoransu suke jin labari.
Alƙibla na juyawa duk sanda kyaftin ya juya,
sai ya kabbara kawai, ya ce Mai gabas ya san inda nake.

Bayan shekara ashirin ya sayi faifan nan da kuɗin fansho.
Ya zauna a tabarma ya saurara har ƙarshe, bai ko motsa ba.
Ya ce, sun sa kyaftin, sun sa tuta,
sun sa igiyar ruwa, har tsuntsu sun sa.
To wa ke tura jirgin?
Ya aike ni in ciro masa ƙusa daga bango.
Da hannunsa ya ja layin nan, ina tsaye.
Ya sake ɗorawa, ya rufe ido yana gyaɗa kai,
ya ce, yauwa, ga shebur ya shigo,
yanzu makaɗa sun cika.

Muka yi shiru, ni da ita da mai koko.
Goge na hawa, ƙas, goge na sauka, ƙas,
na soma jin zafi a fuska kamar an buɗe bakin tanderu.

Ba mu kai ƙarshe ba aka ɗauke wuta.
Faifan ya yi nauyi, begila ta nutse,
gogen arba'in suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.
Amma Fulera ba ta tashi ba.
Cikin duhun shago zobenta na bugun gefen tebur,
ƙas,
ƙas,
bai saɓa ko sau ɗaya ba.